Rumfar Gorar Malam Dickson

Farkon labarin nan ya ɗan sulale mini. Na manta ko a Abuja Malam Dickson Kumai ya sayo gorar ko a Jos, shekarar ma ta ɓace mini. Abin da na riƙe shi ne ya dawo Kafanchan da ita cikin bokitin fenti, a kan cinyarsa tun daga tasha, ya hana direba ya sa ta a but ɗin mota. Sauran kuwa yana nan a kaina, don lokacin ina zaune a layinsu, gida uku tsakaninmu.

Malam Dickson ya koyar da aikin gona a sakandare shekara talatin da biyar kafin ya yi ritaya, shi ya sa duk unguwa Baba Agirik ake ce masa. Mutum ne da in ka gaya masa ka shuka masara, zai ce ka shuka ta a karkace, ko da bai san inda gonar take ba. Gora kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tana nan bakin rafi a dunƙule wuri guda, inda kakanka ya bar ta nan za ka same ta. Amma ta cikin bokitin nan daban ce: siririya, ruwan ɗorawa, ganyenta ƙanana, ta ado. Mai sayar da furannin ya gargaɗe shi cewa irin mai gudu ce, saiwarta bin ƙarƙashin ƙasa take yi ta ɓullo da nisa, don haka a bar ta cikin duro, ko a kewaye ta da kankare.

Malam Dickson ya tsaya a ƙofar gida yana ba maƙwabcinsa labari. Maƙwabcin, Kaleb, mai kiwon aladu ne, katanga ɗaya ta raba su.

"Wai ni zai koya wa shuka! Na ce masa, ɗana, tun ba a yaye babanka ba nake zana saiwa a allo."

Kaleb ya leƙa bokitin. "To Baba Agirik, wannan abin ana ci ne?"

"Kai komai sai ciki. Rumfa ce. Zan dasa a kusurwa huɗu na tsakar gida. In ta yi tsawo, in lanƙwaso kawunan, in ɗaure a tsakiya. Ranar sanfot ɗin Yemima ba wanda zai hayo mini kanofi. A ƙarƙashin rumfa mai rai 'yata za ta durƙusa in sa mata albarka."

Sanfot shi ne bikin sallamar amarya da ake yi a gidan uba ranar Juma'a, kafin a ɗaura aure a majami'a ran Asabar. Matarsa Theresa tana tsintar acca a baranda, ba ta ko ɗago kai ba.

"Yarinyar da ke aji ɗaya a kwalejin Gidan Waya, ko saurayi ba ta kawo ba."

"Shi ya sa ake kirana mai hangen nesa."

"Wa yake kiranka?"

Shi kuwa ya riga ya juye bokitin. Da ya kakkaɓe ƙasa ya ga saiwar gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da idonta, sai ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Citta! Jama'a, citta ce ta yi boko!"

A ƙasar citta aka haife shi, hannunsa ya san aikin. Ya ɓaɓɓalla saiwar, ya dasa a kusurwa huɗu, ya zuba kashin kaji buhu guda, ya rufe da busasshiyar ciyawa kamar yadda ake wa citta. Bokitin kuwa ya ba Theresa ta riƙa wanki.

Daminar farko gorar ba ta yi komai ba. 'Yan tsinke ne tsaye a kusurwa, kamar an soka su. Kullum da safe Kaleb sai ya ɗora haɓa a katanga.

"Baba Agirik, ina kwana? Yaya tsintsiyan ka? Ya kwana lafiya?"

Damina ta biyu ta wuce tsawon rufin kwano. Malam Dickson ya fito da kujera ya zauna kusa da ita. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sha darasi, har mai karanta mitar wuta. A taron dattawan ikilisiya ma, ana maganar gyaran rufin majami'a, ya ba da shawarar a cire kwanon a shuka gora.

A shekara ta uku Yemima ta kawo wani malamin makaranta mai suna Asher, aka sa rana a watan Mayu. A watan Afrilu ruwan farko ya sauka. Kwana huɗu bayan haka Theresa ta je tsinkar alayyafo a 'yar gonarta ta bayan gida, ta dawo riƙe da wani abu mai tsini kamar ƙahon akuya.

"Baban Yemima, mene ne wannan?"

"Alamar lafiyar ƙasa."

Washegari wani ya ɓullo a kicin, tsakanin duwatsun murhu. Ran Lahadi Mama Hulda, shugabar Zumuntar Mata, wadda gidanta ke bayan nasu, ta tare shi a ƙofar majami'a gaban jama'a.

"Malam, ka zo ka kwashe kayanka daga banɗakina."

"Wane kaya, Mama?"

"Na shiga wanka da asuba, na tsuguna zan ɗauki soso, Ubangiji ne kaɗai ya tsare ni."

"Mama, a birni saya ake yi. Ke kin samu kyauta."

"Kyautar ta kusa kai ni asibiti!"

Kaleb kaɗai ne bai yi ƙorafi ba. Tsiron ya fito a ɗakin aladunsa, su kuma suka ɗanɗana suka ji daɗi. Babbar uwar aladun, wata baƙa mai kunne kamar faifai, ta daina kula dusa, ta koma tonon gindin katanga tana neman inda abin yake fitowa.

"Baba Agirik, ka ƙara taki," in ji Kaleb. "Uwar ya yi ƙiba."

Da yamma Theresa ta ajiye masa tuwo ta zauna tana kallonsa. Ta ƙirga masa tsiro goma sha tara a tsakar gida, daidai inda za a jera kujerun surukai.

"Ka saurare ni da kyau. In ranar nan ta zo tsakar gidan nan bai gyaru ba, Madakiya zan kai bikin. Gidan Patrick."

Ya mayar da lomar cikin kwano. Patrick yayan Theresa ne, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda tun ranar aurensu yake cewa ƙanwarsa ta auri rediyo. A sallami 'ya daga gidan kawu alhali uba na raye, da gidansa, da ƙafarsa? Har ya mutu za a riƙa nuna shi da baki a kasuwa.

"Yemima daga gidan nan za ta fita," ya ce, yana buga tebur. "Ki ba ni Asabar ɗaya."

Ya kira gayya. Maza goma sha biyu na Zumuntar Maza suka zo da diga da fartanya, Theresa ta dama musu kunu, ta yi gwate tukunya guda. Manoman citta ne dukansu, tono ba ya ba su tsoro. Kafin azahar sun birkice tsakar gida, sun jawo saiwoyi dogaye kamar igiyar rijiya, sun tara tsibi har ƙugu. Kusurwa huɗu kaɗai aka bari, don rumfa.

"Sai a bari ya bushe a sa wuta," in ji Kaleb.

"A ƙona?" Malam Dickson ya dafe ƙirji. "Taki ne wannan! Abin da ya fito daga ƙasa ya koma ƙasa, darasin aji biyu. Ku kawo adda. A sassara ƙanana, a watsa ko'ina, a rufe da ƙasa, a baje."

Aka sassara, aka watsa, aka rufe. Ya ce a kawo ciyawa a shimfiɗa a kai, don danshi ya zauna abin ya ruɓe da wuri. Wani dattijo a cikinsu, Baba Eli, wanda ya fi shekara hamsin yana noman citta, ya jingina da fartanya yana kallon filin.

"Malam, gafarta mini. An ɓalla gaɓa-gaɓa. An binne. An rufe da ciyawa. Mu dai a wajenmu haka ake shuka citta."

"Baba Eli, citta da niyya ake shuka ta. Wannan binnewa muke yi."

"To ita ta san bambancin?"

"Ni na sani. Ya isa."

Ruwa ya yi ta sauka mako biyu, irin ruwan Kafanchan da ba ya jin magana. Ranar Laraba ta makon biki Theresa ta tafi kasuwa da Yemima. Malam Dickson ya ɗaga ciyawar da manjagara yana fito. Fiton ya tsaya. Tsakar gidan gaba ɗaya ta zama kamar bayan bushiya. Ya fara ƙirgawa, ya kai ɗari da wani abu, ya bari.

Ya zari adda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sare daidai ƙasa. Ya tura tarkacen ta kan katanga wa aladun Kaleb. Sannan ya ruga wajen wani ɗan kasuwar citta ya aro manyan tampol uku, irin waɗanda ake shanya citta a kai, ya shimfiɗa daga bango zuwa bango, ya danne gefe da bulo. Da Theresa ta dawo ta tarar da tsakar gida sumul, shuɗi, har da ƙamshin citta.

Ta taka nan, ta taka can. "Me ke ƙarƙashi?"

"Ilimi."

"Dadi, ka tabbata?" in ji Yemima. "Mutanen Asher fa suna da yawa."

"'Yata, ki je ki yi kitso."

Ran Alhamis ya haɗa rumfa. Ya hau tsani ya lanƙwaso kawunan gorar daga kusurwa huɗu, ya zarge su da igiya ɗaya a tsakiya, ya jawo jelar igiyar ya ɗaure a turke guda da ya kafa gindin katangar Kaleb. Gaskiya ta yi kyau. Ni kaina na tsaya na kalla, na ce masa ta yi kyau, abin da har yau yake damuna. Ya rataya balo-balo, da ƙyalle mai hoton Yemima da Asher, da lasifika a ƙololuwa.

"Turke ɗaya, Baba Agirik?" in ji Kaleb.

"Mai ilimi ba ya buƙatar biyu."

Ran Juma'a da asuba aka yi ruwa, ya ɗauke kafin hantsi. Malam Dickson ya fito ya tarar da tampol ya yi tuddai. Waɗanda ya sare sun mutu, amma ƙannensu sun taso, kowanne ya ɗaga tampol kamar wanda ya leƙo daga cikin bargo. Ya tattaka guda biyar, ya juya ya ga saba'in. Sai dabara ta faɗo masa. Kujerar roba ƙafa huɗu gare ta, tsakiyarta fanko. Ya ɗauki kujeru ya kifa kowace a kan tudu guda.

Tuddan sun ɓoyu. Sai dai gora ba ta san layi ba. Nan kujera uku a cunkushe, can guda ɗaya ita kaɗai a bakin rijiya, wata ta ba wa babban tebur baya.

Mama Hulda ta shigo da matan zumunta cikin zanensu iri ɗaya, ɗauke da tulu da caki, ta ja ta tsaya.

"Malam, wa ya jera kujerun nan? Guguwa?"

"Sabon tsari ne, Mama. Kowa da iskarsa. Kada a matsar da ko ɗaya."

Surukai suka iso mota uku. Baban Asher, mutum mai kunya, aka zaunar da shi yana kallon ƙofar kicin, ya zauna a haka. Patrick ya zo daga Madakiya cikin farar shadda, ya ɗaga kai ya kalli rumfa, ya kalli ƙasa, ya ce wa Malam Dickson, "Suruki, sannu da aiki," da irin muryar da ake gaida mara lafiya.

Fasto ya buɗe da addu'a. Aka kira uban amarya. Malam Dickson ya miƙe cikin babbar riga da ya ɗinka don ranar, ya karɓi abin magana.

"Jama'a, ku ɗaga kai. Abin da kuke gani ba a haye shi ba, ba a kafa shi ba, raino na yi. Akwai waɗanda suka ce ba zai yiwu ba. Ba zan kama suna ba, amma wani ya taso tun daga Madakiya ya zo ya gani."

Aka yi dariya, aka tafa. Matan zumunta suka buga tulu, suka tashi rakiyar amarya da rawa. Yemima ta fito daga ɗaki a lulluɓe, ƙawayenta biye da ita. Malam Dickson ya ji hawaye na taruwa masa. Saura taku ashirin ta durƙusa a gabansa.

A nan ne wani tudu ya motsa.

Babba ne, ba kujera a kansa, kuma tafiya yake. Ya taso daga gindin katangar Kaleb, ya tsaya, ya yi gurnani, ya ci gaba. Uwar aladun ce ta gama ramin da take haƙa tun Afrilu, ta ɓullo ƙarƙashin tampol, ta samu kanta a tsakiyar abinci.

Mama Hulda ce ta fara gani. Ta yar da caki. "Cikin sunan Yesu! Ƙasa tana tafiya!"

"Ku zauna, jama'a," in ji Malam Dickson ta lasifika. "Iska ce ta shiga."

Iskar ta bi ta ƙarƙashin kujerar wata gwaggon ango, ta ɗaga ta da gwaggon duka, ta ajiye su a gefe. Ƙananan tuddai shida suka biyo bayanta a jere, suna kuka. Mata suka haye kujeru, kujeru suka kife, tsiron da ke ɓoye ya bayyana. Fasto ya ja da baya, ya yi tuntuɓe, ya zauna a cikin kwanon shinkafa. Kaleb ya bi babban tudun da rarrafe yana lallashi.

"Uwa, zo nan! Uwa, ba gidanmu ba ne! Baba Agirik, kar a buga shi, yana shayarwa!"

Wani daga cikin surukai ya kwaɗa wa tudun kujera. Uwar ta juya da gudu ta nufi raminta, ta ci karo da turke. Ƙasa ta jiƙa, an kuma tone gindinta. Turken ya fita kamar haƙorin tsoho.

Malam Dickson ya ga igiya na gudu. Ya yi tsalle ya cafke, ya naɗe ta a hannun riga, ya turje. Na ɗan lokaci shi kaɗai ne ya riƙe rumfar duka, ƙafafunsa na jan tampol, abin magana har yanzu a hannunsa na hagu.

"Komai yana cikin tsari," ya ce, duk unguwa ta ji.

Sai rigar ta zame ta kansa.

Gora ta miƙe lokaci guda, fyuu, kusurwa huɗu. Duk ruwan da ganye ya riƙe tun asuba ya sauka a kan jama'a, da busasshen ganye, da tururuwa. Balo-balo suka yi ta fashewa. Ƙyallen hoton ango da amarya ya tashi ya sauka a ɗakin aladu. Babbar riga ta tsaya can sama tana kaɗawa, hannu biyu a buɗe, kusa da lasifika da ke lilo. Malam Dickson ya rage a tsakiyar fili da singileti da wando, da hula, don hular ko motsi ba ta yi ba.

Kowa ya ɗaga kai yana kallon rigar. Sai baban Asher, da tun zuwansa bai yi magana ba, ya share fuska ya ce a hankali, "Ai kuwa tana da rai."

Yemima ce ta fara dariya a cikin lulluɓi, har ta dafa ƙawarta. Daga nan kowa ya fashe. Theresa kaɗai ba ta yi ba. Ta cire tururuwa daga wuyanta ta juya wajen yayanta.

"Yaya Patrick, a kira motoci."

"Suna bakin titi. Kanofi kuma tun jiya aka kafa."

"Tun jiya?" in ji Malam Dickson. "Theresa, tun jiya?"

"Na ɗaga tampol ɗinka ran Alhamis."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Kana da ilimi."

Aka kwashi kujeru da tukwane da abin da ya tsira na shinkafa. Babu wanda ya yarda ya hau ya ciro rigar, don haka Kaleb ya ara masa kwat ɗinsa na zuwa majami'a, hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu. A bayan a-kori-kura ya tafi Madakiya, zaune a kan kujeru da aka jera bisa juna, yana bayyana wa Baba Eli cewa laifin turke ne.

A can, Patrick ya karɓi abin magana ya ce "barka da zuwa gidana" sau huɗu. A tsakar gidan Patrick, ƙarƙashin kanofin haya, Yemima ta durƙusa gaban ubanta. Ya sa mata albarka, gajeriya, mafi gajartar maganar da aka taɓa ji daga bakinsa. Bayan haka wasu sun ce sun ga ya zaga bayan kicin ɗin Patrick da aljihun kwat a cike, ya dawo yana kakkaɓe hannu. Wasu sun ce banɗaki ya nema. Ni ina wurin, amma wannan ma ya sulale mini, ba zan ɗora wa mutum abin da ban riƙe ba.

Abu ɗaya dai na tabbatar. Bara da damina na je Madakiya gaisuwar wani abokina, na biya gidan Patrick, matarsa ta zaga da ni baya. Na ƙirga da sandata, na sake ƙirgawa don kada kaina ya yaudare ni. Tsiro arba'in da ɗaya ne a bayan kicin, siriri, ruwan ɗorawa. Na arba'in da biyu yana cikin falo, kusa da kujerar maigida.